Saukar jirgin alhazai a Kano: abin da Baffa ya ji da abin da kwamfutar jirgi ta lissafa

A jigilar dawo da alhazai ta wata damina da ta wuce, wani babban jirgin Boeing ya taso daga Jidda cikin dare, ya sauka filin jirgin Malam Aminu Kano da safe lafiya lau. Babu wanda ya ƙwarzane, babu abin da ya lalace. Amma a ƙauyenmu da ke ƙasar Gabasawa labarin da ya bazu daban ne: wai inji ya mutu a sama, fiffike ya ɓalle, direbobi sun ɓace hanya, da ƙyar aka ga Kano. Ni ne mataimakin matuƙi a wannan tafiya, ina kujerar dama. Wanda ya kawo labarin gida kuwa Baffana ne, ƙanen mahaifina, tsohon direban babbar mota, wanda ya zauna bakin taga a bayan fiffike.

Baffa bai ƙara gishiri ba, masu ɗaukar zance ne suka ƙara. Abu uku ya faɗa. Ana cikin tafiya ƙarar inji ta ɗauke, jirgi ya sunkuyar da kai. Can kuma wasu faifai suka miƙe a saman fiffike, jirgi ya kama rawa da gurnani. Daga ƙarshe, bayan an sanar cewa an kusa sauka, sai ya ga rana ta koma wani ɓangaren, alamar an juya wa Kano baya. Da na je yi masa barka da dawowa, zaure cike da masu karɓar dabino da zamzam, ya dube ni ya ce:

"Ɗana, tsakaninka da Allah, injin nan mutuwa ya yi ko ku kuka kashe shi?"

Na ce, "Baffa, ko ɗaya. Silo aka bar shi."

"Silo a sama? Da bayin Allah cike da ciki da kayansu?"

Duk abubuwan uku sun faru yadda ya faɗa, kuma tushensu ɗaya ne: hanyar gangarowa da kwamfutar jirgi ta gina, da abin da ya rushe ta a tsakiya.

Hanyar da ake ginawa daga ƙarshe

Kwamfutar tsara tafiya, wadda matuƙa ke kira FMS, ta zama ruwan dare a manyan jirage tun farkon shekarun 1980, zamanin Boeing 757 da 767 da Airbus A310. Aikinta kashi biyu ne. Ɗaya shi ne bin hanya hagu da dama. Ɗayan, wanda ake kira VNAV, shi ne hawa da sauka: a wane wuri jirgi zai kasance a wane tsayi, da wane gudu. Tana ɗauke da kundin hanyoyi da filayen jirage da ake sabuntawa duk kwana 28. Sauran kuwa mu ne muke cusa mata da yatsa: nauyin jirgi, tsayin da za a yi tafiya, hasashen iska a matakai daban-daban, titin da za a sauka, da wata lamba da kamfani ke bayarwa mai auna tsadar mai da tsadar lokaci. In lambar ƙarama ce jirgi ya yi tafiyar tsimi, in babba ce ya yi sauri ya sha mai.

Kwamfutar ba ta fara lissafin sauka daga inda jirgi yake. Daga bakin titi take farawa ta dawo baya. Ta sa jirgi ƙafa 50 a kan bakin titin, ta ja layi mai karkatar digiri 3 zuwa sama, ta ware tazarar da za a rage gudu a buɗe filafilan fiffike, ta kiyaye ƙa'idar da aka saba sa mata cewa ƙasa da ƙafa 10,000 ba a wuce mil 250 a sa'a. Mil a nan na teku ne, mita 1,852. Daga nan ta ci gaba da ja baya a kan cewa inji yana silo, har layin ya haɗu da tsayin da jirgi ke tafiya. Wannan mahaɗar ita ce farkon gangara, kuma tana fitowa a allonmu da ɗan da'ira.

Muna da lissafin ka da muke gwada ta da shi: kowace ƙafa 1,000 tana cin mil 3. Muna ƙafa 38,000, filin Kano kuma yana kusan ƙafa 1,560 sama da teku, don haka abin da za a zubar ya kai ƙafa 36,400, wato mil 110 ke nan. A ƙara na rage gudu da na iskar da ke tura mu ta baya, ya tashi wajen mil 130. Kwamfuta ta ba da kusan haka, muka yarda da ita. Wurin ya faɗo kafin mu kai saitin Azare. Ashe ke nan tun muna sararin Bauchi aka fara sauka Kano, sauran kusan rabin sa'a.

Akwai abin da ke ba sababbin matuƙa mamaki a nan, kuma jirgin alhazai ne ya fi nuna shi. Hankali zai ba mutum cewa jirgi mai nauyi zai fi saurin faɗowa, don haka sai a jinkirta gangararsa. Akasin haka ne. In gudun gangara ɗaya ne, mai nauyi ya fi shawagi nesa, domin nauyin ne ke jan sa gaba yana cin tirjiyar iska, shi kuwa marar nauyi dole ya ƙara sunkuyawa kafin ya riƙe wannan gudun. Jirgin da ya ɗauko alhazai da jakunkunansu da tsarabarsu yana buƙatar fara gangara da wuri fiye da shi kansa ranar da ya tafi Jidda babu kowa. In aka cusa nauyin da ba daidai ba tun a ƙasa, kuskuren zai yi kwanton ɓauna sa'o'i, sai a gangara ya fito.

Ko da an kai wurin, jirgi ba ya sauka don kwamfuta ta ce. Sai masu kula da zirga-zirgar jirage sun ba da izini, sannan matuƙi ya murɗa sabon tsayi a wata 'yar taga da ke gabansa. A Boeing, in an riga an murɗa, jirgi na isa wurin zai janye totur da kansa ya fara gangara, in ba a murɗa ba ya ci gaba a miƙe yana tunatar da kai a rubuce. A Airbus sai matuƙi ya danna da hannunsa. Mun samu izini a kan lokaci, totur ya ja baya, ƙara ta ɗauke. Abin da Baffa ya fara ji ke nan. Inji a silo yana nan da ransa: shi ke ba da lantarki, shi ke ba da ƙarfin da ke motsa fikafikai, shi ke hura iskar da fasinja ke shaƙa. Gangara a silo ita ce mafi arha, shi ya sa aka gina kwamfutar ta nemi hakan.

Inda lissafin ya rushe

Rahoton yanayin da muka saurara kafin gangara ya ce iska ba ta da ƙarfi, kuma ana sauka ta titi na 06. Babban titin Kano kwalta ɗaya ce mai baki biyu, tsawonta wajen mita 3,300. Mai sauka ta 06 yana fuskantar arewa maso gabas, mai sauka ta 24 yana fuskantar kudu maso yamma. Ga wanda ya fito daga gabas irinmu, 06 na nufin ya wuce birni ya zagayo ta bayansa. 24 kuwa kusan a miƙe take, ta tsakanin Gezawa da Minjibir. Bambancin ya kai mil 20.

Muna wajen ƙafa 24,000, gab da saitin Dutse, aka kira mu cewa iska ta taso daga kudu maso yamma, an koma 24. Babu laifin kowa a ciki. Haka iskar damina take, kuma jirgi yana sauka ne yana fuskantar iska. Amma a daidai lokacin mil 80 da ke gabanmu ya koma 60, tsayinmu kuwa yana nan. Da na cusa sabon titi, kwamfuta ta sake gina hanya daga bakin 24 ta dawo baya, sai ga mu sama da layin da fiye da ƙafa 6,000.

Wannan cusawar ita ce wurin da na fi so mai karatu ya tsaya. In ka sauya titi, sau da yawa ana samun giɓi a jerin wuraren da jirgi zai bi, tsohuwar hanya ba ta haɗe da sabuwa ba. Muddin ba a toshe giɓin ba, nisan da kwamfuta ke ƙirgawa ba shi ne nisan gaskiya ba, kuma duk abin da ta faɗa game da tsayi a kan wannan nisan ta ɗora shi. Ba za ta yi shiru ba, za ta ci gaba da nuna lamba kamar mai gaskiya. Ranar 14 ga Agusta 2013 jirgin kaya na kamfanin UPS, ƙirar Airbus A300, ya nufi titi na 18 a Birmingham ta jihar Alabama a Amurka ba a daidaita jerin hanyar ba. Layin gangarar da aka sa ran kamawa bai kamu ba, kyaftin ya koma saukowa da ƙafa 1,500 a minti, jirgin ya daki bishiyoyi ya faɗi kafin titi, matuƙan biyu suka rasu. Saboda irin wannan ne, da na gama cusawa ban danna tabbatarwa ba sai da kyaftin ya bi jerin da ido, muka kuma gwada nisan da allo ya nuna da wanda na'urar rediyon filin ke ba mu. Suka yi daidai.

Saura tambayar yadda za a zubar da ƙafa 6,000 da suka yi yawa. A nan ne Baffa ya fi kowa ganewa a zauren, don ya sha gangaren Hawan Kibo da lodi. Ya ce mota a gangare in ka sake ta gudu take tarawa, sai ka kama ta da giya da birki. Na ce haka ne, Baffa, sai dai ku taya na riƙe da kwalta, mu babu abin da muke riƙe da shi. Tsayi in ya tafi gudu yake komawa, inji kuma yana silo, babu sauran abin ragewa a can. An ƙera jirgin ne ya ratsa iska sumul, ranar da kake son ya tirje sai ƙirar tasa ta zame maka aiki.

VNAV tana da hali biyu a gangara. A na farko layi take bi: ta ɗaga hanci ko ta sunkuyar don ta zauna a kan layin, gudu ya ɗan hau ko ya ɗan sauka. A na biyu gudu take riƙewa, layi ya zama abin kallo kawai. In jirgi ya ɗan haura layi, takan sunkuya ta biya da gudu, amma akwai iyaka. In ta kai iyakar sai ta rubuto DRAG REQUIRED, wato a ƙaro mata abin da zai tirje iska, ita ta ƙure. Kwamfutar ba ta da hannun jan birkin iska. Wannan na matuƙi ne.

Kyaftin ya ƙara gudu zuwa wajen mil 310, ya ja birkin iska. Faifan da Baffa ya gani sun miƙe ke nan. Suna ɓata iskar da ke bin saman fiffike, ɗagawa ta ragu, tirjiya ta ƙaru, iskar da suka yamutsa kuma ta riƙa kaɗa jikin jirgi. Wanda ke zaune bayan fiffike shi ya fi jin rawar, kuma in bai taɓa gani ba dole ya yi salati. Giɓin ya fara raguwa da kyau.

Abu biyu suka hana shi rufewa. Mun shiga gajimare mai sanyi, dole a kunna ɗumama bakin inji don kada ƙanƙara ta taru, wannan kuwa yana ɗaga silon inji, jirgi ya ƙara samun turi a lokacin da ba a so. Sai kuma iska. A damina, a sararin ƙasarmu, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma a tsayin wajen kilomita 3 zuwa 4, kusan ƙafa 10,000 zuwa 13,000, alhali a ƙasa iskar kudu maso yamma ce ke kawo ruwa. Mai zuwa daga gabas tana bayansa. Ranar ta fi hasashen da aka ba mu ƙarfi, kuma ta same mu a daidai inda dole mu rage gudu zuwa 250. Rage gudu kuwa yana nufin ɗaga hanci, ɗaga hanci yana nufin gangara ta yi sanyi. Da muka fito ƙasan gajimare sauran mil 25, muna sama da layi da kusan ƙafa 2,000.

Hanya biyu ta rage. A sauke tayoyi tun daga nan, a bar birki a buɗe, a kutsa a kamo layin a kurkusa da ƙasa. Ko a roƙi ƙarin tazara. Ta farko tana yiwuwa, ana kuma yi. Sai dai ƙa'ida ta ce a ƙafa 1,000 sama da titi dole jirgi ya zama ya natsu: yana kan layi, gudunsa daidai, tayoyi da filafilai a inda ya kamata, inji ya tashi daga silo. In ɗaya ya ɓace sai a fasa sauka a sake zagayowa. Kyaftin ya ce in nemi tazara. Aka karkata mu arewa na 'yan mintoci, aka dawo da mu, mil 8 ko makamancin haka ya ƙaru. Ranar da Baffa ya ga ta sauya ɓangare ke nan. Mutanen gida da ke gona a lokacin sun ce sun ga wani ƙaton jirgi ya yi kwana a kansu, daga baya aka haɗa wannan da labarin Baffa, ɓatan hanya ya tabbata a bakin jama'a.

Ni a ganina, da an nemi tazarar tun a saitin Dutse da an huta da yawancin rawar birkin. Kyaftin yana ganin gwada birki tukuna ya fi, don ba ka cika sararin da wasu jirage ke jira ba sai ka tabbatar kana buƙata. Duka biyun suna cikin ƙa'ida, kuma kujerar hagu ce ke yanke hukunci. Abin da ba mu saɓa a kai ba shi ne ƙin kutsawa a mil 25 na ƙarshe da gajiyar tafiyar dare a ido.

Lambar da babu fasinjan da ya ji

Duk abin da ya tsorata alhazai a saukar nan ba shi da haɗari. Abin da ke iya kisa ya wuce cikin daƙiƙa kaɗan ba tare da jirgi ya ko girgiza ba.

Ma'aunin tsayin jirgi ba ƙasa yake aunawa ba, matsin iska yake aunawa ya juya shi ƙafa. A can sama kowa yana sa lamba ɗaya, 1013, don jirage su yi magana da ma'auni guda. In an sauko sai a ba ka matsin iskar filin na wannan sa'ar ka murɗa. Kowane hektofaskal ɗaya, wato maki ɗaya a wannan lambar, yana daidai da kusan ƙafa 28. VNAV kuwa, in da ita ake tunkarar titi, a kan wannan ma'aunin take gina layinta. Idan lambar ta karkace, layin gaba ɗaya ya sauka ko ya hau, kuma allo zai nuna maka kana kansa cif.

Ranar 23 ga Mayu 2022 wani Airbus A320 da ya taso daga Stockholm ya tunkari titi na 27R a filin Charles de Gaulle na Paris cikin ruwan sama. Na'urar filin mai jagorar sauka da rediyo ba ta aiki a titin, don haka da layin kwamfuta suka sauko. An ba su 1011 a maimakon 1001, suka murɗa. Bambancin 10 ya sa su ƙasa da inda suke zato da kusan ƙafa 280 tun daga farko har ƙarshe. Ba su ga titi ba suka fasa sauka, kuma binciken hukumar Faransa ya nuna cewa kafin jirgin ya ɗago, ƙafa 6 ce ta rage tsakaninsa da ƙasa, a fili, tun ba a kai titi ba. Suka zagayo suka sake tunkara da lambar nan dai, sai da suka hango titi da ido suka gyara.

Abin da ya sa wannan kuskuren ya fi na giɓin hanya muni shi ne gwajin da muka saba ba ya kama shi. Muna da jadawalin da ke cewa a mil kaza ka kasance a ƙafa kaza, amma ƙafar daga ma'aunin da ya karkace za ka karanto ta, sai komai ya yi daidai. Abu biyu ne ke tona shi. Na farko, gwada lambar da aka faɗa maka a rediyo da wadda ka rubuta daga rahoton yanayi tun kafin gangara. A cikin rabin sa'a tana iya motsawa da ɗaya ko biyu, in hadari ya wuce ma ta ɗan fi haka, amma ba da 10 ba. Na biyu, ma'aunin rediyo da ke ƙarƙashin jirgi, wanda ke fara aiki daga ƙafa 2,500 yana auna ainihin tazarar ƙasa. A wurin duwatsu karatunsa yana tsalle, amma ƙasar gabashin Kano shimfiɗaɗɗiya ce, don haka yana da amfani sosai a nan.

A saukarmu lambar da hasumiya ta bayar ta ɗara wadda na rubuta da ɗaya. Na maimaita ta a rediyo, kowannenmu ya murɗa nasa, muka karanta wa juna tsayin da ya fito. Da ma'aunin rediyo ya farka a 2,500, na ƙara masa tsayin filin a ka, ya zo kusa da abin da babban ma'auni ke nunawa. Muka kama layin digiri 3 ta ƙasansa a wajen mil 8, tayoyi suka sauka, inji ya tashi daga silo, jirgi ya riƙa saukowa da ƙafa 750 a minti. A ƙafa 1,000 na duba gudu da layi da totur na ce ya natsu, kyaftin ya ce a ci gaba.